Babi na Shida: Ido, Kunne da Yatsun Ƙafa

A watan Disamban 1893, a gidan wasa na Mariinsky da ke birnin San Fitasbag na Rasha, wata 'yar rawa 'yar ƙasar Italiya mai suna Pierina Legnani ta yi abin da mutanen birnin ba su taɓa ganin irinsa ba. Ta tsaya a kan ƙafa ɗaya, tana ɗagewa kan tsinin yatsunta a kowane zagaye, ta juya sau 32 a jere, ɗaya ƙafar ba ta taɓa ƙasa ba. Da ta gama ta tsaya cak, ko tangaɗi babu. A 1895 aka saka wannan juyi cikin wasan Swan Lake, kuma har yau da shi ake auna gwanayen rawar bale a duniya.

'Yan rawar Rasha sun daɗe suna mamakin abin. Ƙarfin ƙafa suna da shi, horo suna da shi, amma da sun yi 'yan zagaye sai jiri ya kwashe su. Ashe suna can suna kallon ƙafar Legnani, sirrin kuwa yana sama da wuya. Malamanta na Milan sun koya mata ta kafa ido a wuri ɗaya, ta bar jiki ya fara tafiya, kai ya tsaya har sai wuya ya kai iyaka, sannan ta fizgo kan da sauri ya riga jikin isowa, idon ya koma daidai inda ya baro. Mathilde Kschessinska ce 'yar Rasha ta farko da ta gane dabarar ta kuma cika 32 ɗin.

Mai karatu da ke zaune a Sabon Birni ko Isa zai iya cewa, me ya haɗa kifi da kaska? Wayar hannu ce ta haɗa su. A watan Yunin 2020 wani ɗan gajeren bidiyo ya zagaye duniya: Anthony Madu, yaro ɗan shekara 11, ɗalibin makarantar Leap of Dance ta Daniel Ajala a Legas, yana juyi ba takalmi a kan siminti, ruwan sama na zuba. Miliyoyin mutane suka kalla, daga baya ya sami gurbin karatu a makarantar Elmhurst da ke Birmingham a Ingila. Irin waɗannan hotuna suna kaiwa duk inda waya ta kai, yaro kuwa abin da ya gani shi yake kwaikwayo. A bidiyon juyi kawai ake gani. Shekarun da aka yi ana gina ƙafar ba su fito ba, kuma su ne nake so mu duba.

Ba kira nake yi 'ya'yanmu mata su sa tufafin masu wannan rawa ba. Muna da addininmu da kunyarmu, kuma ina tare da su. Abin da ya ja hankalina shi ne mutanen nan sun shafe fiye da shekara 300 suna nazarin tambayoyi biyu: yaya mutum zai tsaya a kan ɗan ƙaramin wuri bai faɗi ba, kuma yaya zai juya jiri bai kayar da shi ba. Amsoshin da suka samo na jikin ɗan Adam ne. Suna da amfani ga ɗan kokawa, da ɗan dambe, da mai rawar kalangu, da tsohuwar da ke fama da juwa idan ta tashi daga tabarma.

Mu fara da kunne. Babu yaron da ya tashi a ƙasar Gobir bai yi hajijiya ba: a ware hannuwa, a yi ta juyawa har a zube, ƙasa na yawo ana dariya. Abin da ke faruwa a lokacin yana can cikin ƙashin kai, bayan dodon kunne. A kowane gefe akwai wasu 'yan bututu guda 3 masu lanƙwasa, cike da ruwa, kowanne yana fuskantar nasa ɓangaren. Idan kai ya juya, ruwan yakan ɗan yi nawa kafin ya bi, sai ya tura wasu siraran gasu, su kuma su aika wa ƙwaƙwalwa cewa ana juyawa. Idan juyin ya daɗe, ruwan ya kan kama tafiya tare da kai. Matsalar tana zuwa ne a wurin tsayawa. Mutum ya tsaya, ruwan bai tsaya ba. Kunne yana cewa ana juyi, ƙafa tana cewa an tsaya, ido kuma yana ta rawa yana neman abin kamawa. Wannan saɓani shi ne jiri.

Dabarar Legnani tana rage saɓanin. Maimakon kai ya yi ta zagaye a hankali tare da jiki, sai ya zama tsayawa, fizga, tsayawa, fizga. A mafi yawan lokacin juyin idon yana kallon abu ɗaya da ba ya motsi, don haka ƙwaƙwalwa ta san inda gaba yake. Malaman rawa kan liƙa wata alama a bango daidai tsayin idon ɗaliba. Sukan fara da ita tana taku a hankali a wuri ɗaya, hannu a kafaɗa, har wuya ya saba da sakewa. Wanda ya ƙanƙame wuya ko ya cije haƙora ba zai iya ba, haka wanda ya sunkuyar da kai yana duban ƙafarsa. Kai yana da nauyi, duk inda ya karkata jiki zai bi shi.

Amma dabarar ido kaɗai ba ta ƙare zancen ba. A 2013 wasu masu bincike a Imperial College ta Landan, ƙarƙashin likitan ƙwaƙwalwa Barry Seemungal, suka ɗauki mata 29 'yan rawar bale da mata 20 masu wasan tuƙa kwalekwale, waɗanda ƙarfin jikinsu ya zo ɗaya. Aka zaunar da kowacce a kan kujera mai juyawa cikin ɗaki mai duhu, inda kafa ido ba shi da amfani. Da aka tsayar da kujerar, jirin 'yan rawa ya riga na sauran wucewa. Hoton ƙwaƙwalwa kuma ya nuna cewa a ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya, sashen da ke karɓar saƙon kunne ya fi ƙanƙanta a wurinsu. Shekarun maimaici sun koya wa ƙwaƙwalwar ta rage sauraron ƙorafin kunne. Masu binciken sun ga a nan akwai hanyar taimakon marasa lafiyar da jiri ya zame wa ciwo, kuma dama likitoci suna ba irin waɗannan mutane motsin kai da na ido su riƙa maimaitawa har jiki ya saba.

Darwishan ɗariƙar Maulawiyya a birnin Konya na Turkiyya, mabiya Jalaluddin Rumi wanda ya rasu a 1273, sun bi ta wata hanyar. Su ba sa fizgar kai. Sukan ɗan karkata shi gefe, su saki ido, su yi ta juyawa a kan ƙafar hagu na tsawon mintoci. A horon gargajiya almajiri yakan tsaya a kan allo mai ƙusa a tsakiya, ƙusar tana tsakanin babban yatsa da mai bi masa, ya yi ta zagaye ta har ƙafar ta koyi zama wuri ɗaya. Hanya daban, amma su ma watanni suke yi kafin jiri ya sake su.

Yanzu mu sauko ƙasa. Tsayuwa a kan tsinin yatsu ta yi suna ne a 1832, lokacin da Marie Taglioni ta fito a wasan La Sylphide a Faris, wanda mahaifinta Filippo ya tsara. Takalminta na siliki ne mai laushi da aka ƙarfafa da ɗinki, don haka ɗagewar tata ta ɗan lokaci ce, ƙarfin tsoka ke riƙe da ita. Masu ɗinkin takalmi na Italiya ne daga baya suka taurara bakin takalmin, wanda ya ba irin su Legnani damar daɗewa a sama. Mutane da yawa suna zaton katako ne a ciki. A mafi yawan takalman ba katako: yadi ne da takarda da gam, hawa-hawa, aka matse suka bushe suka zama ɗan akwati da ke rungume yatsu, sai wani tauri a ƙarƙashi da ke tallafe tafin ƙafa. Gumi da zafi suna narkar da gam ɗin. Babbar 'yar rawa tana iya kashe takalmi a dare ɗaya. Kuma har zuwa 2018, lokacin da kamfanin Freed na Landan ya haɗa kai da ƙungiyar Ballet Black ya fitar da masu launin ruwan ƙasa, 'yan rawa baƙaƙen fata a Ingila da hannunsu suke shafe takalman da hoda don su dace da fatarsu.

Takalmin tallafi ne kawai. A ƙafar mutum ɗaya akwai ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, kuma idan aka hau tsini nauyin jiki duka yana sauka a kan wurin da bai kai faɗin akwatin ashana ba. Don kada wannan ya zama ɓarna, sai doron ƙafa ya miƙe ya zama layi ɗaya da ƙwauri, nauyi ya bi ta gwiwa, ya ratsa idon sawu, ya sauka tsakanin babban yatsa da mai bi masa. Idan idon sawu ya karkace waje, targaɗe na nan kusa. Idan yatsu suka dunƙule a cikin takalmi, ɗaliba ta zauna a kansa ke nan maimakon ta ɗaga kanta daga cikinsa, kuma farce da gaɓar babban yatsa ne za su biya. Buɗe ƙafafu zuwa waje, wanda shi ne tambarin wannan rawa, daga kwatangwalo ake yin sa. Wanda ya murɗa tafin ƙafa da ƙarfi alhali cinya ba ta juya ba, gwiwarsa yake ci.

Shi ya sa malaman kirki ba sa gaggawa. Ƙungiyar likitocin rawa ta duniya tana ba da shawarar kada yarinya ta hau tsini kafin wajen shekara 12, kuma sai tana cikin shekara ta huɗu ta horo a kai a kai. Dalili shi ne ƙasusuwan ƙafar yaro ba su gama ƙosawa ba. A bakinsu akwai guringuntsi inda tsawo ke fitowa, kuma nauyin da ya wuce kima yana iya lalata shi. Wannan shi ne abin da nake roƙon iyaye su riƙe. Idan kuka ga yarinya tana ƙoƙarin tsayawa a kan kawunan yatsunta ba takalmi, don ta gani a waya, ku hana ta cikin lallashi. Ɗage a kan tudun yatsu, dunduniya a sama, wannan ba laifi, motsa jiki ne mai kyau. Hawa kan tsinin kansa ba tare da malami da takalmin da aka auna mata ba, cuta ce da ba lallai ta nuna yau ba.

Abin da ake yi a waɗancan shekaru na jira ba shi da ban sha'awa ko kaɗan. Ɗaliba ta dafa sanda, ta ɗaga dunduniya a hankali, ta sauke a hankali, sauka ma ta fi hawa muhimmanci. Ta shimfiɗa tawul a ƙasa ta riƙa jawo shi da tafin ƙafa. Ta ɗaura roba a ƙafa ta tura ta saki. Kafin a amince mata, akan so ta iya ɗagewa a ƙafa ɗaya wajen sau 20 a jere gwiwa a miƙe, ta kuma iya durƙusawa kaɗan a kan ƙafa ɗaya gwiwar ba ta faɗa ciki ba, ƙugu bai zube gefe ba.

A nan ne nake ganin yaranmu suna da jarin da ba mu ƙirga ba. Ɗauki langa. Yaro ya kama yatsan ƙafa ɗaya da hannu ta baya, ya yi ta tsalle a kan ɗayar, dawaki suna kare ruwa, abokan hamayya suna bangaza, shi kuwa dole ya kauce, ya juya, ya tsaya, bai saki ƙafa ba. Duk abin da likitocin rawa ke nema a gwajinsu yana ciki: ƙarfin sha-raɓa, tsayuwar idon sawu, ƙugun da ke riƙe jiki a kan ƙafa ɗaya. Langa tana cikin wasannin gargajiya da hukumar wasanni ta ƙasa ta amince da su, tare da dambe da kokawa. Gyara ɗaya da malamin rawa zai yi mata shi ne ya ce a riƙa sauya ƙafa, domin yara kan lizimci ƙafar da ta fi musu ƙarfi, ɗayar ta zauna a baya. Ga kuma gaɗa, inda yarinya ke sakin jiki ta faɗa baya ƙawaye su tare ta su cilla, ta dira a kan ƙafafunta daidai da tafi. Ga yarinyar da ke ɗauko ruwa a ka, wadda wuyanta da gadon bayanta suka koyi miƙewa tun tana ƙarama.

Shi kansa juyin, ka tuna mazari a hannun mai kaɗi. Idan sandarsa a miƙe take kuma nauyin ya daidaita a kewaye, murza ɗaya ta isa ya daɗe yana gudu a kan tsininsa. Idan ta ɗan karkace, ko an murza da ƙarfi rawa zai yi ya kwanta. Kuskuren mai koyo ke nan, yana zaton ƙarfi ne ya gaza, sai ya ƙara wurga hannuwa, alhali miƙewa ce babu. Malamai kan ce wanda bai iya tsayawa a ɗage a ƙafa ɗaya ba tare da juyi ba, ba shi da abin da zai juya. Don haka sukan fara da rubu'in zagaye, sannan rabi, sannan ɗaya cikakke mai tsabtar sauka. Zagaye biyu sai ɗaya ya zauna.

Ƙarfin juyi daga ƙasa yake fitowa. 'Yar rawa takan ɗan lanƙwasa gwiwoyi, dunduniya a ƙasa, ƙafafu biyu su tura ƙasa, ɗaya ta nan ɗaya ta can, sai jiki ya murɗa. Nan take ta hau sama, kafaɗa da ƙugu su tafi tare, ba wanda ya riga wani. Hawa saman yana rage wurin da ke gugar ƙasa, shi ya sa juyin ke daɗewa. Hannuwa kuma da ƙafar da ke sama, idan aka jawo su kusa da jiki gudu ya ƙaru, idan aka ware su ya ragu. Kenneth Laws, malamin kimiyyar lissafin motsi a Amurka wanda ya shiga koyon bale da girmansa, ya yi bayanin wannan a littafin da ya fitar a 1984. Da shi za a gane yadda Legnani ta kai 32 ba ta ƙare ba. A kowane zagaye, idan ta fuskanci 'yan kallo, takan sauke dunduniya na ƙiftawar ido, gangar jiki ta ɗan dakata, ƙafar da ke sama ta miƙe gaba ta share zuwa gefe. Gudun juyin bai ɓace ba, ƙafar ce ta karɓe shi ta riƙe. Da ta naɗo ta zuwa gwiwa ta sake hawa tsini, sai gudun ya dawo cikin jiki, tare da ɗan ƙarin da ta samo daga tura ƙasa.

Ita ma ƙasar da ake takawa tana da nata hukunci. Makarantun rawa suna shimfiɗa daɓen katako mai ɗan bayarwa, don kada dirar tsalle ta koma wa ƙwauri da gwiwa. Siminti ba ya bayarwa. Juyi ba takalmi a kansa yana kama fatar tafin ƙafa alhali gwiwa ta riga ta tafi, kuma a nan jijiyoyi ke yagewa. 'Yan kokawarmu sun san wannan tun kaka da kakanni, shi ya sa fagensu rairayi ne. Ga tsalle da faɗuwa rairayin bakin gulbi ya fi kowane daɓe. Ga juyi kuwa ƙasa mai tauri da aka share, mai ɗan ƙura a sama, ta fi, domin tana barin ƙafa ta zame kaɗan. Shugabannin ƙungiyoyin rawa na makarantu da ke sa yara atisaye a barandar aji ya kamata su fitar da su fili.

Duk abin da na kawo a sama na same shi ne domin an rubuta shi. Sarkin Faransa Louis na 14 ya kafa makarantar rawa a 1661. Carlo Blasis ya buga littafin ƙa'idoji a Milan a 1820, Agrippina Vaganova ta buga nata a Rasha a 1934. Rudolf Laban ya fito da hanyar rubuta motsin jiki da alamomi a 1928, yadda mutum zai karanta rawa daga takarda. Wanda ya mutu a cikinsu, takunsa bai bi shi kabari ba.

Mu kuwa ta fannin waƙa mun yi ƙoƙari. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu, muryarsa tana nan a faifai, kuma masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun rubuta tarihin makaɗa sun yi sharhin waƙoƙinsu. Amma taku, da juyi, da yadda gwanar rawa ke sauke nauyinta daidai lokacin da kalangu ya karya murya, waɗannan a dandali suke zaune, daga ƙafar babba zuwa idon ƙarami. Dandalin kuwa shi ne abin da rashin tsaro ya fara ci. Garin da ake kwana da kunne ɗaya, wa zai bar 'yarsa ta fita gaɗa da farin wata? A watan Mayun 2020 an kashe mutane fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. Tun 2019 dubban iyalai suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi, aka zaunar da wasu a Garin Kaka, da Ɗan Daji Makau, da Cadakori. Asarar rai ita ce babba, ba abin da za a jera da ita. Sai dai yaron da ya yi shekara biyar ko shida na ƙuruciyarsa ba dandali, ya wuce lokacin da ƙafa ta fi saurin koyo, kuma tsofaffin da za su nuna masa suna raguwa.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Gobirawan Tsibiri, dab da Maraɗi, 'yan'uwan na Sabon Birni ne na jini, sarautarsu tushe ɗaya ce tun bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, kuma wasu daga waɗanda suka yi hijira a cikin dangi suka sauka. Cibiyar Nazarin Hausa ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato suna da ɗalibai da ma'aikatan da za su iya bin tsofaffin gwanaye a ɓangarorin iyakar biyu. Masu ɗaukar bidiyon biki sun saba bin fuska da kwalliya. A wannan aikin sai a ɗauki jiki gaba ɗaya har ƙasa, daga gaba da kuma daga gefe, a sa gwanar ta maimaita takun a hankali, a tambaye ta sunansa da wanda ya koya mata, makaɗin yana zaune kusa don ya faɗi kiɗan da ke tafiya da shi. Waya ɗaya mai kyau da littafin rubutu sun isa a fara a bana.